Cinyewar Taya ta Gefe Ɗaya da Gyaran Alaimen a Motocin Gudu: Tambayoyi da Amsoshi

Motocin gudu irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro, BMW Z4 da Mercedes-Benz samfurin AMG ba su da yawa a Katsina da Daura, amma masu su kusan kuka ɗaya suke yi, wato taya mai tsada ta ƙare tun ba a more ta ba. Da yawa da zarar sun ga haka sai su nufi wurin alaimen, wato saita kusurwoyin tayoyi, alhali kuwa alaimen mataki na uku ne, bayan an duba iska an kuma duba ƙarafan ƙafar mota. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan lamari.

Tayoyina na baya sun cinye ta ciki har waya ta fito, alhali daga waje kamar sababbi suke. Yaya aka yi haka?

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace haɗari a irin waɗannan motoci, domin a ɓoye take faruwa. Kamfanonin da ke ƙera motar gudu sukan karkatar da saman tayoyin zuwa cikin mota da gangan, sau da yawa da digiri 1 zuwa 2 a baya, saboda idan motar ta shiga kwana da gudu, nauyi ya kwanta a kan tayar waje, sai fuskarta ta zauna daram a kan kwalta. Amma wanda yawancin tafiyarsa a miƙaƙƙen titi ce, kamar mai zirga-zirga tsakanin Katsina da Kano, bakin tayar na ciki ne ke ɗaukar nauyi fiye da sauran fuskarta. Idan aka haɗa wannan karkata da ɗan kuskure a saitin to-in da to-awut, wato matsowar gaban tayoyin kusa da juna ko buɗewarsu, sai bakin ciki ya riƙa gurzuwa yana ɗauke da nauyi, kuma cikin 'yan watanni sai ya suɗe.

Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne motar tana ƙasa-ƙasa, tayar tana da faɗi, bodi kuma ya rufe ta, saboda haka wanda ya tsaya a gefe yana dubawa bakin waje kaɗai yake gani. Taya ta kan kai ga fashewa a kan hanya mai ita yana rantsuwa cewa jiya ma ya duba ta. Duk mai irin wannan mota ya kamata ya saba da durƙusawa a bayanta da fitilar wayarsa, ya leƙa bakin ciki na kowace taya aƙalla sau ɗaya a wata.

Mene ne ainihin abin da ake gyarawa idan aka ce an yi alaimen?

Kusurwoyi uku ne. Na farko shi ne kamba, wato karkatar taya idan ka tsaya a gaban mota kana kallonta: ko samanta ya kwanta zuwa ciki, ko ya buɗe zuwa waje. Na biyu shi ne kasta, wato yadda sandar da taya ke juyawa a kanta ta jingina zuwa baya idan aka kalle ta daga gefe, kuma ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Kasta ba ta cika cin taya ba. Na uku shi ne saitin to-in da to-awut, wato idan aka kalli tayoyin daga sama, ko gabansu ya matso kusa da juna, ko ya buɗe.

A cikin ukun nan, na ƙarshe ne ya fi saurin kashe taya, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. Tayar da ta kauce daga miƙaƙƙen layi da digiri 0.3 kacal, wanda ido ba zai taɓa gani ba, tana neman kaucewa gefe da sama da mita 5 a kowace kilomita, motar kuma tana tilasta mata tafiya gaba. Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne, ke nan a tafiya ɗaya an ja tayar nan a kaikaice fiye da mita 400 a kan kwalta mai zafi. Idan to-in ya yi yawa, bakin waje ne ke cinyewa, idan kuma to-awut ne ya yi yawa, sai bakin ciki. Shi ya sa nake ganin an cika ɗora wa kamba laifin da ba nata ba ne ita kaɗai.

Ta yaya zan gane abin da ke damun motar daga kallon tayar kawai?

Ka ajiye motar a wuri mai lebur, ka murɗa sitiyari har ƙarshe domin fuskar tayar gaba ta fito fili, sannan ka duba zurfin zanen a wuri uku: bakin ciki, tsakiya, da bakin waje. Akwai ƙaramin gejin auna zurfi, amma ko tsinken ashana ka soka cikin ramin zanen ka yi masa alama da farce, zai nuna maka bambancin. Sabuwar taya takan zo da zurfin milimita 7 zuwa 8. Ka maimaita awon a wurare uku ko huɗu a zagayen tayar, ka rubuta, domin abin da aka rubuta ne ake iya kwatantawa bayan wata guda.

Idan tsakiya ya fi cinyewa, gefuna biyu kuma suna da sauran zane, iska ce ta yi yawa. Idan gefuna biyu ne suka cinye tsakiya ya rage, iska ce ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne kawai ya cinye, kuma ya yi sumul, a fara zargin kamba. Daga nan sai ka shafa tafin hannunka a kan fuskar tayar daga waje zuwa ciki, ka sake shafowa daga ciki zuwa waje. Idan a tafiya ɗaya ka ji santsi, a dawowa kuma ka ji kaifi yana kama fatar hannunka kamar haƙoran zarto, wannan aikin to-in ne ko to-awut, kuma hannu yakan ji shi tun kafin ido ya gani. Ka yi a hankali idan tayar ta tsufa, domin wayar da ta fito tana yanka.

Akwai kuma cinyewar da ke zuwa kwari da tudu a zagayen tayar, wuri ya lotsa wuri ya taso, kuma takan zo da gurnani da ke ƙaruwa idan gudu ya ƙaru. Wannan ba ta alaimen ba ce. Tana nuna cewa tayar tana tsalle a kan titi, ko dai saboda shokazoba ta mutu, ko saboda rashin balansin. Mutane da dama sun canza boris saboda wannan gurnani, ƙara kuma ba ta tafi ba.

Iska nawa ya kamata in sa? Mai faci yakan ce lambar da ke jikin taya ake bi.

Lambar da ke jikin taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ce iskar da motarka ke buƙata ba. Iskar da ta dace tana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai a wasu motocin Jamus, kuma a motocin gudu sau da yawa ta gaba daban, ta baya daban. Wasu masu faci sun saba da buga wa kowace taya iska 40 ko fiye a ma'aunin PSI, saboda yawancin masu zuwa wurinsu motocin haya ne masu ɗaukar lodi, kuma gejin da ya sha faɗuwa ƙasa ba lallai ne ya faɗi gaskiya ba. Sayen geji naka na kanka ya fi kowane gyara arha.

A auna iska da safe kafin a hau titi, ko bayan motar ta huta kamar awa uku. Iskar taya tana hawa ko sauka da kusan PSI 1 a duk canjin digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Salshiyas, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin sanyin asubahin hunturu a watan Janairu da zafin azahar na watan Afrilu a Katsina, lokacin da ma'auni ke haura 40. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar geji ya hau, kada ya sace iskar, domin idan tayar ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so, kuma tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke ɗaukar zafi har ta fashe.

Motata tana ja zuwa gefe ɗaya. Alaimen ne?

Yana iya zama shi, amma akwai abubuwan da ake kawarwa tukuna. A Najeriya ta hannun dama ake tuƙi tun 1972, kuma ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe domin ruwa ya sauka, saboda haka ɗan sulalewa a hankali zuwa dama ba aibi ba ne, tayoyi masu faɗi ma sun fi jin wannan gangare da kuma kwarin da manyan motoci ke bari a kan kwalta. Bayan haka a duba ko iskar tayoyin gaba biyu daidai take. Sannan a musanya su, ta dama ta koma hagu, a ɗan gwada tafiya kaɗan: idan jan ya koma ɗaya gefen, laifin tayar ne. A kuma taɓa kusa da kowane wili bayan tafiya, domin birkin da ya maƙale yana jan mota kuma yana sa wilin zafi fiye da 'yan uwansa.

Idan duk waɗannan lafiya lau ne, to sai a koma kan kusurwoyi. Mota takan ja ne idan kamba ko kasta ta dama ta bambanta da ta hagu, kuma bambancin da ya wuce rabin digiri yakan isa direba ya ji. Sitiyarin da ya karkace alhali motar tana tafiya a miƙe wata matsala ce daban, wadda takan fito daga saitin to-in na gaba, ko kuma daga ƙafafun baya da suka kauce suna tura motar a kaikaice.

Sitiyari yana rawa idan na kai gudun kilomita 100. Shi ma alaimen zan yi?

A'a, balansin ake fara yi, wato a ɗora tayar a kan injin da ke juya ta, a manna mata dalma inda ta yi rashin nauyi. A lokacin a dubi wilin da kyau yana juyawa ko ya lanƙwasa, musamman bakinsa na ciki. Da damina laka takan bushe a cikin wili ta kawo irin wannan rawa, wanki kaɗai ya kawar da ita. Idan kuwa sai an taka birki rawar ke zuwa, faifan birki za a duba.

An yi mini alaimen har sau biyu, amma bayan 'yan makonni matsalar ta dawo. Ina kuskuren yake?

Kusan ko da yaushe amsar ita ce an saita kusurwa a kan ƙarafan da suka riga suka saki. Alaimen awo ne na milimita, kuma idan tayarod ko boljoyin ko bushin yana da wasa, lambar da aka gani a kan inji za ta canza da zarar motar ta taka tudun rage gudu na farko. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya taɓa saiti sai ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya sake kama ta dama da hagu ya girgiza, ya sa ƙarfe ya ɗan taɓa kowane bushin yana duba ko robar ta tsage. Zafi da ƙurar wannan yanki suna busar da roba da wuri, kuma yawancin waɗannan motoci sun riga sun yi shekaru a Amurka ko Turai kafin su iso nan.

Tayar motar gudu kuma ba ta da tsayin gefen da zai shanye duka. Taya mai lamba 245/40 R18 tana da faɗin milimita 245, tsayin gefenta kuma kashi 40 cikin 100 na faɗin, wato milimita 98, yayin da 195/65 R15 da ake sa wa ƙananan motocin gida ke da kusan milimita 127. Ramin da wata motar za ta faɗa ta wuce lafiya, a wannan sai dukan ya isa ga wili da ƙarafan ƙafa kai tsaye. A motoci da yawa babu wurin saita kambar gaba, saboda haka idan awo ya nuna ta kauce sosai, akwai abin da ya lanƙwasa. Ina jan hankali ƙwarai a nan: kada a yarda a gasa ƙarfen ƙafa da wuta a miƙe shi, balle na alminiyom, domin ya rasa ƙarfinsa ke nan, kuma ranar da zai karye ba zai yi sallama ba. Canza shi ake yi. Idan an sa sabon bushin kuma, sai an sauke motar nauyinta ya zauna a kan tayoyi sannan a ɗaure notin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri.

Wanne ya fi, alaimen na kwamfuta ko na zare?

Zare ba abin rainawa ba ne, domin har masu tseren mota suna saita to-in da shi, amma yana buƙatar daɓe mai lebur, haƙuri, da mutumin da ya san lambobin motar. Wanda ya ja zare a kan turɓaya ya daidaita tayoyin gaba da ido bai taɓa kamba ba, bai kuma san halin da baya ke ciki ba. Motar gudu kuwa galibi kowace ƙafar baya zaman kanta take yi, kuma tana da nata saitin, don haka alaimen na ƙafa huɗu take buƙata, a fara da baya sannan a zo gaba.

Kwamfuta ma ba ta fi wanda ke riƙe da ita ba. Ka tabbata an zaɓi ainihin samfurin motarka da shekararta, an daidaita iska kafin a fara, an kuma sauke kaya daga but. Wasu kamfanoni, irin su BMW, suna son a auna wasu samfuransu da nauyi a kan kujeru. Ka nemi a ba ka takardar awo ta kafin gyara da ta bayan gyara, ko ka ɗauki hoton allon, kuma kada koren launin da allon ke nunawa idan lamba tana cikin iyaka ya gamsar da kai shi kaɗai: ka dubi ko lambar dama ta yi kusa da ta hagu. Motocin da ke da na'urar hana zamewa wani lokaci suna buƙatar a sake saita na'urar da ke karanta juyin sitiyari bayan an gama.

Zan iya sa a rage kamba domin tayoyina su daɗe?

Za ka iya, muddin ba a fita daga iyakar da kamfani ya bayar ba. Ga wanda tafiyarsa ta cikin gari ce da manyan hanyoyi, saita kamba a gefen da ya fi sauƙi na iyakar, tare da daidaita to-in sosai, shawara ce mai kyau. Miƙar da tayoyin baya tsaye cak kuwa yana rage riƙon motar a kwana, kuma mota mai ƙarfin inji da ke tura kanta da baya ba a wasa da riƙon bayanta. Wanda ya sa gajeren sifirin don motar ta ƙara yin ƙasa ya sani cewa ya ƙara kamba kuma ya taɓa to-in, dole a sake awo.

Ana musanya tayoyin gaba da na baya a irin wannan mota?

Idan girmansu ɗaya ne, ana yi a duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Amma da yawa daga cikin motocin nan tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, waɗannan ba a kai su gaba. A duba gefen tayar kuma: wadda ke da kibiya gefe ɗaya take juyawa, ba a mayar da ita ɗaya ɓangaren motar sai an cire ta daga wili an juya, wadda kuma aka rubuta wa OUTSIDE dole wannan fuskar ta kalli waje.

Ba na fita da motar sai ranar Juma'a ko lokacin biki, me ya sa take bugawa idan na tashe ta?

Tayar da ta daɗe a tsaye wuri ɗaya takan ɗan baje a inda ta taɓa ƙasa, kuma yawanci bugun yakan tafi bayan an yi 'yan kilomitoci ta ɗumama. Wanda ba ya tafiya shi ne tabon da ake samu idan aka ja taya a kan kwalta, kamar yadda wasu matasa ke yi a wasan mota na rakiyar amarya. Baya ga haɗarin da wannan wasa ke jefa jama'a a ciki, 'yan daƙiƙoƙinsa suna iya cin robar da za ta yi watanni, kuma babu alaimen ko balansin da ke mayar da ita. Motar da ke ajiye a riƙa matsar da ita lokaci-lokaci, a kuma sa ta a inuwa, domin rana tana tsattsaga gefen taya ko da zanenta bai taɓu ba.

Bayan an gyara saitin, tayar da ta cinye za ta daidaita? Yaushe ne dole a jefar da ita?

Robar da ta tafi ba ta dawowa, gyara dai yana hana ɓarnar ci gaba ne. Ana yanke hukunci ne da wurin da ya fi cinyewa, ba da wurin da ya fi kyau ba. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da aka sa a tsayin milimita 1.6, kuma idan fuskar tayar ta zo daidai da su a kowane gefe, ta gama aiki. Ga taya mai faɗi da za ta shiga damina, milimita 3 ne ya kamata a ɗauka a matsayin iyaka, saboda faɗinta yana sa ta saurin hawa kan ruwa. Kumburi a gefen taya yana nufin zaren cikinta ya tsinke, ba a yi masa faci, haka ma huda a gefe ko wadda ta wuce milimita 6.

Mai sayen tayar gwanjo ya nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ke nan 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. A duba harafin gudu kuma, domin V na nufin kilomita 240 a awa, W 270, Y kuma 300, kuma bai kamata a sa wadda ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta ba. Tayar gwanjo takan zo da cinyewar motar da ta baro, saboda haka a shafa ta da hannu, a leƙa cikinta ko akwai tsohon faci, kafin a biya kuɗi. Idan za a sa sababbi, a sa biyu iri ɗaya a gaba ko biyu a baya tare, a kuma yi alaimen a ranar da aka sa su, sannan a sake auna zurfin zanen a wurare ukun nan bayan kilomita 1,000 zuwa 2,000 domin a tabbatar cewa bakin ciki da na waje suna tafiya daidai.